Jira biyu a lokaci ɗaya: me ke faruwa a jikinka idan tallafi bai fito ba, ranar ganin likita ma ba ta zo ba?

Idan kana zaune a Hayin Banki ko Kawo, kuma akwai mai ciwon ƙwaƙwalwa a gidanku, ko kuma kai ne mai ciwon, to akwai maganar da ka gaji da ji: "a dawo wani satin." A ofishin da ka kai takardun neman tallafi an ce maka a dawo. A asibiti an ba ka ranar ganin likita, amma sai bayan makonni. Kuɗin da za ka sayi magani yana jiran tallafin, shi kuma tallafin yana jiran takardar likita.

Mutane kan ɗauki wannan tsakanin a matsayin lokacin da babu abin da ke faruwa. Binciken kimiyya ya nuna akasin haka. Shi kansa jiran yana aiki a jiki da ƙwaƙwalwa, kuma yana iya ƙara wa mara lafiya ciwo. A wannan rubutu za mu duba yadda hakan ke faruwa, abin da doka ta ba ka a Najeriya, da abin da za ka iya yi kafin amsa ta fito.

Da farko, me ake jira?

Ya kamata ka san wannan tun da wuri: Najeriya ba ta da alawus na wata-wata da gwamnatin tarayya ke biyan duk mai naƙasa. Afirka ta Kudu tana da irinsa, wanda hukumar SASSA ke biya bayan likita ya tantance mutum. A nan Arewa, jihar Jigawa ce ta yi fice da wannan, domin tun 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, ta fara biyan wasu masu naƙasa naira 7,000 a wata. Mutumin Kaduna kuwa, ƙofofin da yake ƙwanƙwasawa daban ne, kuma kowace da irin jiranta.

Ta farko ita ce takardar shaidar naƙasa. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce mai naƙasar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin a duba shi kyauta a asibitocin gwamnati. Amma dokar ta haɗa wannan da samun takardar shaida daga hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa, wadda aka kafa a 2020. Akwai takardar wucin gadi da ba ta wuce kwana 180, akwai kuma ta dindindin. Jihar Kaduna ma ta yi nata dokar a 2021, tare da hukumar kula da al'amuran masu naƙasa.

Ta biyu ita ce diyyar ma'aikata. Dokar 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya a asusun NSITF, domin a biya wanda ya samu rauni ko ciwo saboda aikinsa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dokar ta ambaci matsin ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo, matuƙar likita ya tabbatar.

Ta uku ita ce fansho. Dokar fansho ta 2014 ta yarda ma'aikacin da ya bar aiki saboda naƙasar jiki ko ta ƙwaƙwalwa ya taɓa asusunsa kafin ya kai shekara 50, idan likitoci sun tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba.

Ta huɗu ita ce tallafin kuɗi ga gidaje marasa ƙarfi ta hanyar rajistar talakawa ta ƙasa. An fara da naira 5,000 a wata a gwamnatin Buhari. A Oktoban 2023 aka ƙaddamar da na naira 25,000 na wata uku, sannan a farkon 2024 aka dakatar da shirin na wani lokaci domin bincike. Wannan ita ce ƙofar da ta fi dacewa da mai sana'ar hannu, ɗan tireda ko ɗan keke, wanda ba shi da NSITF ba shi da fansho. Ita ce kuma wadda ba a faɗa maka ranar da amsa za ta zo.

Ka lura da abu ɗaya: uku daga cikin ƙofofin nan huɗu suna buƙatar rahoton likita. Ga shi kuma likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Ka ga ke nan layi biyu ne, ɗaya a bayan ɗaya.

Lissafin layi

Me ya sa layin ba ya raguwa? Akwai wata ƙa'ida ta lissafi da wani masani Ba'amurke, John Little, ya tabbatar a 1961. A taƙaice, tsawon jiranka ya dogara ne da yawan waɗanda ke cikin layi, a raba da yawan waɗanda ake sallama a kowane lokaci.

Bari mu yi misali da lambobin da muka ƙirƙira don a gane. A ce fayil 600 ne a kan tebur, ana kammala 50 a wata. Wanda ya kawo nasa yau zai jira wata 12. To a ce sababbin fayil 60 ke shigowa kowane wata. Duk wata layin zai ƙaru da 10, ko da ma'aikatan ba su yi hutu ko na kwana ɗaya ba.

Wannan lissafin yana da amfani gare ka ta fuska biyu. Na farko, jinkirin ba hujja ba ce cewa an ƙi ka, ko an ga ba ka cancanta ba. Na biyu, duk fayil ɗin da aka dawo da shi saboda takarda ɗaya ta ɓace, ko sunan da ke kan NIN bai yi daidai da na banki ba, yana iya komawa ƙarshen layi. Za mu dawo kan wannan a gaba.

Rashin sani ya fi mugun labari ciwo

A 2016 wasu masu bincike a jami'ar UCL da ke Landan, ƙarƙashin Archy de Berker, sun sa mutum 45 wani wasan kwamfuta. Mutum zai ɗaga dutse, idan akwai maciji a ƙarƙashi sai a ɗan ja shi da lantarki a hannu. Suna cikin wasan ana auna gumin fatarsu da buɗewar ƙwayar idonsu, wato alamomin tashin hankali da mutum ba ya iya ɓoyewa.

Za ka zaci hankalinsu ya fi tashi a lokacin da suka tabbata za a ja su. Ba haka aka samu ba. Hankalinsu ya fi tashi ne a lokacin da abin yake rabi da rabi, ko a ja ko kada a ja. Wanda ya san zafi na tafe ya fi natsuwa a kan wanda bai sani ba.

Dalilin yana cikin yadda aka gina jikinmu. Idan ƙwaƙwalwa ta hango barazana, takan aika saƙo zuwa wasu ƙananan ƙulli biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su saki sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugu, sukari ya ƙaru a jini, barci ya gudu. Wannan shiri ne mai kyau idan kare ne ya biyo ka, domin cikin minti kaɗan an gama, jiki ya koma daidai. Amma takardar da ke kan teburin wani ofis ba ta da ranar ƙarewa. Kullum ƙwaƙwalwa tana tambaya: yau ne? Duk ƙarar saƙo a waya sai gabanka ya faɗi, ko alat ne. Idan aka ɗauki watanni a haka, sai ka ga rashin barci, ciwon kai, saurin fushi, mantuwa da rashin cin abinci. Ga wanda dama yake fama da ciwon damuwa ko taɓin hankali, rashin barci kaɗai na iya tayar da ciwon.

Kate Sweeny ta jami'ar Kalifoniya da ke Riverside ta daɗe tana nazarin jira. Ta bi ɗaliban lauya da ke jiran sakamakon jarabawarsu na kusan wata huɗu, ta ga cewa fargaba ba ta tafiya a miƙe. Tana yin sama a farkon jira, ta ɗan lafa a tsakiya, sannan ta sake yin sama idan ranar amsa ta matso. Saboda haka idan ka ga mara lafiyarku ya rikice ana saura kwana biyu a koma ofis ko asibiti, ba lallai ne maganin ya daina aiki ba. Lokaci ne da ya fi buƙatar a zauna kusa da shi.

Rashin kuɗi yana cin tunani

Akwai nauyi na biyu. A 2013 mujallar Science ta wallafa wani bincike a kan manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya. An yi musu gwajin tunani sau biyu: kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe, da kuma bayan girbi da kuɗi suka shigo. Mutanen nan dai su ne, amma sun fi yin ƙoƙari bayan girbi. Masu binciken sun fassara hakan da cewa lissafin bashi da na cefane yana cinye wani kaso na hankalin mutum. Har yanzu masana na muhawara a kan girman wannan tasiri, amma duk magidancin da ya taɓa kwana yana lissafin kuɗin haya ya san abin da ake nufi.

Wani nazari da ya fito a mujallar a 2020 ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa masu ƙaramin ƙarfi sun fi masu hali yiwuwar kamuwa da ciwon damuwa da fargaba da ninki ɗaya da rabi zuwa uku. Kuma hanyar tana tafiya ta ɓangare biyu: talauci na jawo ciwon, ciwon na hana neman kuɗi. A Kenya, da aka raba wa wasu gidaje kuɗi ba tare da sharaɗi ba, an ga damuwarsu ta ragu idan aka kwatanta da gidajen da ba a ba su ba.

To ka haɗa abin wuri ɗaya. Ciwon damuwa yana rage kuzari da iya mayar da hankali. Neman tallafi kuma yana buƙatar cike fom, yin kwafi, zirga-zirga da tuna ranaku. Wato tsarin yana neman ainihin abin da ciwon ya ƙwace. Shi ya sa wanda ya fi buƙata shi ne ya fi saurin sarewa a hanya. An ga haka a Amurka: masu bincike biyu, Manasi Deshpande da Yue Li, sun gano cewa idan aka rufe ofishin karɓar takardu a wani yanki, masu samun tallafin naƙasa a yankin sukan ragu da kusan kashi 16 cikin 100, kuma abin ya fi shafar masu ƙarancin ilimi da kuɗi. Nisa kaɗai ya isa ya fitar da mutum daga layi. Kai ma ka lissafa: daga Hayin Banki zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa sai ka ratsa gari, ka haye kogin Kaduna, kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa, ga ranar sana'a da ta tafi.

Abin da aka gani a inda ake ƙidaya

A Ingila, tsakanin 2010 da 2013, an sake tantance mutum fiye da miliyan ɗaya da ke karɓar tallafin naƙasa, don a ga ko za su iya aiki. Ben Barr da abokan aikinsa na jami'ar Liverpool sun kwatanta yankunan ƙasar, suka ga inda aka fi yin tantancewar nan ne matsalolin ƙwaƙwalwa suka fi ƙaruwa. Sun ƙiyasta cewa shirin yana da alaƙa da ƙarin mutum 590 da suka kashe kansu, da ƙarin 279,000 da suka ba da rahoton matsalar ƙwaƙwalwa. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya iya rantsuwa cewa wannan ne ya jawo wancan. Duk da haka ya isa ya sa hukumomi su yi hattara.

A Amurka kuma, ofishin binciken ayyukan gwamnati ya ba da rahoto a 2020 cewa kusan mutum 110,000 sun mutu tsakanin 2008 da 2019 suna jiran hukuncin ƙarar da suka ɗaukaka a kan tallafin naƙasa. Mu ma a Kaduna mun san irin wannan. Masaƙar KTL ta Kakuri ta tsaya tun 2002, tsofaffin ma'aikatanta sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da dama sun rasu ba su karɓa ba.

Kada magani ya jira tallafi

Wannan shi ne mafi muhimmanci a duk rubutun nan. Idan layi biyu ne a gabanka, na magani shi ne wanda jinkirinsa ya fi tsada.

Bincike da dama sun nuna cewa idan taɓin hankali ya daɗe ba a fara maganinsa ba, samun sauƙi yakan fi wuya daga baya. Haka kuma yanke magani. Wani babban nazari da aka wallafa a mujallar Lancet a 2012 ya haɗa gwaje-gwaje 65 a kan masu ciwon sikizofiriniya, wato irin taɓin hankalin da mutum kan ji muryoyi ko ya yarda da abin da babu shi. Cikin shekara ɗaya, ciwon ya dawo wa kashi 27 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba da shan magani. A cikin waɗanda aka daina ba su kuwa, kashi 64 ne. Ka ga wata ɗaya da aka tsallake "kafin kuɗi su fito" na iya zama kwanciya asibiti da ta ninka kuɗin maganin sau da yawa.

Abin farin ciki, ba kowane taimako ne sai a wurin babban likita ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon damuwa, farfaɗiya da taɓin hankali, da fara kula da su. A Ibadan, Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada wannan a cibiyoyin lafiya na matakin farko, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na masu ciwon damuwa sun samu sauƙi cikin shekara ɗaya. Wani gwajin nasu a Ibadan da Kumasi, wanda ya fito a 2020, ya nuna cewa idan masu maganin gargajiya da na addu'a suka yi aiki tare da ma'aikatan lafiya, masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi. Darasin a nan shi ne, ba sai ka zaɓi tsakanin malam da asibiti ba. A yi addu'a, a sha magani, kuma kowane ɓangare ya san abin da ɗayan ke bayarwa.

Doka ma ta canza. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ta samo asali daga zamanin Turawa. Sabuwar ta ɗauki mai ciwon a matsayin mara lafiya mai haƙƙi, wanda ba a yarda a wulaƙanta shi ko a nuna masa wariya ba.

Abin da za ka iya yi a wannan makon

Ka fara da asibitin da ya fi kusa. Je cibiyar lafiya ta unguwa ko babban asibitin Kawo, a buɗe kati, a rubuta abin da ake gani, a ba ka takardar turawa zuwa Barnawa ko Barau Dikko idan da buƙata. Wannan katin yana da amfani biyu: an fara kulawa, kuma ya zama shaida mai kwanan wata da za ta ƙarfafa fayil ɗinka na tallafi.

Ka tambayi batun inshora. Hukumar KADCHMA ce ke kula da inshorar lafiya ta jihar Kaduna, kuma akwai kason marasa ƙarfi da ake rajista ta cibiyoyin lafiya na mazaɓu. Tambayi shugaban cibiyar ko ana ɗauka, da kuma abin da ake buƙata.

Faɗa wa likita gaskiyar aljihunka. Sau da yawa akwai tsofaffin magunguna masu sauƙin kuɗi da ke aiki. Kada ka rage ko ka raba ƙwaya da kanka, kada kuma ka saya a kemis ba da takarda ba.

Idan ciwon ya samo asali daga wurin aiki, kula da ranaku. Dokar 2010 ta ce a sanar da mai aiki cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da NSITF cikin kwana 7, sannan a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Yi sanarwar a rubuce, ka riƙe kwafi.

A samu mutum ɗaya a gida, yaya ko ƙani ko kawu, ya zama shi ne mai fayil. Shi zai riƙe takardu a leda ɗaya, ya ɗauki hotonsu a waya, ya rubuta ranar da aka je, ofishin da aka shiga da abin da aka ce. Ya duba tun yanzu ko suna da ranar haihuwa sun yi daidai a NIN, BVN da katin asibiti. Kada a bar wa mara lafiyan wannan aikin shi kaɗai.

Duk inda aka ce "a dawo", ka tambaya cikin ladabi: ranka ya daɗe, wace rana, kuma wane mataki ya rage? Ka tuna wasan macijin nan. Ko amsar ba mai daɗi ba ce, saninta ya fi zama cikin duhu.

Ka ware wa bibiya rana ɗaya a mako. Sauran ranakun, a nemi abin da zai ɗauke hankali gaba ɗaya. Binciken Sweeny ya nuna cewa aikin da mutum ke nutsewa a ciki har ya manta da agogo yana sauƙaƙa jira. Ɗinki, gyaran waya, hadda, kiwo, ƙwallon yamma, duk wanda ya dace da mutum. A kuma tsare lokacin kwanciya da na tashi.

Ka yi hattara da masu cewa ka kawo wani abu su sa sunanka a jerin masu tallafi, ko masu kira su nemi lambar sirrin katinka. Mai jira shi ne abincin ɗan damfara.

Lokacin da ba a jira

Akwai alamomin da ba sa jiran ranar da aka rubuta a kati. Idan mutum ya fara maganar mutuwa ko cewa ya zame muku kaya, ko ya kwana biyu ko uku bai runtsa ba, ko ya daina ci da sha, ko yana jin muryoyi na umartarsa ya cutar da kansa ko wani, a kai shi sashen gaggawa a ranar. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari, fiya-fiya da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai. Kada ka ji tsoron tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ita ke buɗe ƙofar magana.

Kai mai jinya ma jikinka na cikin wannan lissafin. Kotisol ɗin da muka yi bayani bai san wane ne mai kati ba. Ku riƙa karɓa-karɓa a gida, kuma idan ka ga barcinka ya lalace na makonni, faɗa wa ma'aikacin lafiya a zuwanku na gaba.

Ga hukumomi kuwa, binciken nan yana nuna gyara mai arha. Ko kuɗin ba su samu ba tukuna, a ba mutum lambar fayil, a faɗa masa matakin da yake da ranar da zai ji amsa, a tura masa saƙo idan ranar ta canza. Wannan ba ya buƙatar sabon gini ko babban kasafi, kuma zai rage wa dubban gidaje wani kaso na ciwon da suke ɗauke da shi yanzu.